Injin Wankin Maman 'Yan Biyu

Gidan da na tashi a cikinsa a unguwar Television da ke Kaduna gidan haya ne. Ɗakuna a jere suna kallon juna, rijiya a tsakiya, igiyoyin shanya sun ratsa tsakar gidan ta ko'ina har sai babba ya sunkuya kafin ya wuce. Babana ma'aikacin masaƙa ne, kamar yawancin mazan gidan. Da safe su fita a kan kekuna, da yamma su dawo da burbushin auduga a gashin kansu. Mu mutanen kudancin Kaduna ne, maƙwabtanmu na dama daga Filato suke, na hagu kuma wani tela ne Bahaushe da iyalinsa. A tsakar gida dai Hausa kowa ke yi, kowa da irin tasa.

'Yar telan nan ita ce ƙawata. Tsararrakin juna ne mu, muna firamare a lokacin, a tsakiyar shekarun alif ɗari tara da tamanin. Akwai kuma yayana, wanda ya ɗan girme mu, mai son kwance duk abin da aka ɗaure.

A ɗakin ƙarshe, gindin bishiyar gwaiba, akwai wata malamar makaranta 'yar Binuwai. Ta ajiye aiki na ɗan lokaci bayan ta haifi tagwaye. Manya suna kiranta Maman 'yan biyu, mu kuwa Anti muke ce mata. Doguwa ce, muryarta ƙasa-ƙasa, Hausarta tana da wani lanƙwasa da nake son ji. Ban taɓa ganin wanda wanki ya yi wa yawa kamarta ba. Kullum igiyarta cike take da fararen nafkin, su bushe ta kwashe, kafin ta juya wasu sun taru.

Wata ranar damina da rana aka turo wani abu cikin kura, an lulluɓe shi da tsohon bargo. Yayan Anti ne ya aiko. Kuku ne a gidan wani Bature da zai koma ƙasarsu, Baturen ya bar masa kaya, shi kuma ya tuna da ƙanwarsa da tagwayenta. Da aka yaye bargon sai ga wani farin akwati da ya kai ni ƙirji, yana da murfi biyu a sama da makunnai masu juyawa kamar na rediyo. Gefensa ɗaya ya ɗan yi tsatsa. Wata mata ta ce firji ne, wata ta ce ai firji ba ya buɗewa ta sama. Anti ta ce injin wanki ne. Kowa ya kalli hannuwansa.

An ajiye shi a barandarta, aka jawo waya daga ɗaki. Ranar Asabar da safe, da yake akwai wuta, ta ce mu jawo mata ruwa. Muka yi ta safa da bokiti daga rijiya muna juyewa a ramin da ke ƙarƙashin murfin hagu. A ƙasan ramin akwai wani faifai mai tudu-tudu kamar haƙarƙari. Ta zuba garin sabulu, ta sa nafkin, ta murɗa makunni.

Har yanzu ina jin ƙarar nan. Ba ta da ƙarfi, wani gurnani ne mai laushi, sai ya tsaya kamar mai jan numfashi, sai ya ci gaba. Ruwan ya fara kewayawa, tsakiyarsa ta lotsa, nafkin suka riƙa nutsewa suna tasowa. Kumfa ta taru ta yi tudu. Rana ta ratso ta ganyen gwaiba ta sauka a kanta, kowane ƙwan kumfa da ɗan bakan gizonsa. Na dafa bakin injin da haɓata, rawar jikinsa tana shiga haƙorana. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Na ga kamar ina leƙa wata rijiya ce da ke da nata yanayin, da nata gajimare, da iskar da ke kaɗa su. Sai da ƙawata ta ja ni ta ce Anti tana magana.

Ramin dama ne ya fi ɗaure mana kai. Wani dogon gwangwani ne mai ƙananan huji ko'ina a jikinsa. Anti ta ɗauraye nafkin, ta cusa su ciki suna ɗiga, ta rufe, ta murɗa. Injin ya yi rawa, ya yi kuka siriri kamar jirgin sama a nesa, ruwa ya riƙa fita ta tiyo yana gangarawa kwata. Da ta buɗe, nafkin sun manne a bango, tsakiya fayau. Ta miƙo mini ɗaya. Na matse iya ƙarfina, ko ɗigo bai fito ba.

Yayana ya ce akwai hannu a ciki da ke matsewa. Ƙawata ta ce wuta ce ke busar da su. Ni na ce iska ce. Anti ta saurare mu duka, tana jijjiga ɗaya daga cikin tagwayen a kafaɗa.

"Ku taɓa gwangwanin," in ji ta. "Da zafi?"

Muka taɓa, sanyi ƙalau. Yayana ya zura hannu har kafaɗa yana neman hannun da ya ce, bai samu komai ba. Muka ce to ta faɗa mana. Ta yi dariya ta ce ita ma so take ta gani, mu nemo mata gwangwanin madara babba, da ƙusa, da igiya, mu zo Asabar mai zuwa.

Haka Asabar ta koma ranarmu. Da mun gama aikin gida sai mu tare a barandarta. Ba ta taɓa kiran abin darasi ba, ba allo, ba bulala. Tana zaune a kujerar tsugunno tana ba da nono ko tana tsince shinkafa, mu muna ƙasa.

Yayana ya huda gwangwanin madarar da ƙusa da dutse, muka ɗaura masa igiya ta baki, muka rataye a reshen gwaiba. Aka jiƙa tsumma aka sa a ciki. Anti ta ce mu murɗa igiyar har ta ƙi murɗuwa, sannan mu saki. Gwangwanin ya fara juyawa a hankali, ya ƙara sauri, sai ruwa ya fetso ta hujin ta kowane gefe, siriri-siriri, yana walƙiya cikin rana. Ya jiƙa mana fuska. A ƙasa ya zana da'ira mai duhu kewaye da bishiyar. Muka tsaya a cikin wannan ɗan yayyafi namu, ba wanda ya matsa.

Daga nan ta sa yayana ya ɗebi ruwa rabin ƙaramin bokiti, ta ce ya wulwula shi sama da kansa kamar majaujawa. Ya ji tsoro da farko, ya yi a hankali, ruwan ya sheƙo masa a ka. Matan gidan suka yi ta dariya daga bakin murhu. Ta ce ya sake, da sauri wannan karon. Bokitin ya riƙa kifewa a saman kansa, baki ƙasa, ruwan yana manne a gindinsa bai zubo ba. Ni ma na gwada. Na ji bokitin yana jan hannuna kamar yana so ya tsere ya tafi da ni.

Ta tambaye ni me na ji, na faɗa mata. Ta ce to haka ruwan ma yake ji. Duk abin da aka wulwula so yake ya miƙe ya yi gaba abinsa, sai in an tare shi. Gindin bokiti ya tare ruwa, shi ya sa bai zube ba. A cikin inji kuwa bango yana tare tufafi, amma huji ya bar wa ruwa ƙofa.

"Tufa ba ta iya bi ta huji," ƙawata ta faɗa a hankali, kamar mai magana da kanta. "Ruwa yana iyawa."

Anti ta gyaɗa kai, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Makon nan duk abin da na gani juyawa yake. Katantanwar da yara maza ke murzawa a ƙofar gida, fankar coci, ƙafar keken ɗinkin tela, tayar babur da ke watsa taɓo a kan hanya. Da aka tashe mu daga makaranta na tsaya a fili na buɗe hannuwa na yi ta juyi har siket ɗina ya tashi, jini ya taru a yatsuna, na faɗi a kan ciyawa ina kallon sama tana tafiya ba tare da ni ba.

Wata Asabar kuma ta sabulu ce. A shekarun nan sabulu ya yi wuya, iyayenmu mata har layi suke bi kafin su samu, saboda haka ɗan ƙanƙane Anti ta gutsuro mana. Ta sa muka zuba ruwa da man gyaɗa a kwalba, muka girgiza. Da muka ajiye sai man ya tattaru ya hau sama, ruwa ya zauna ƙasa, kamar maƙwabtan da ba sa ga-maciji. Muka jefa gutsuren sabulun muka sake girgizawa. Kwalbar ta yi fari kamar nono, muka jira su rabu, ba su rabu ba. Anti ta ce sabulu hannu biyu gare shi, ɗaya yana riƙe maiƙo, ɗaya yana riƙe ruwa, in ruwa zai tafi sai ya ja maiƙon su tafi tare. Na daɗe ina ganin su a raina, ƙananan mutane farare masu baza hannuwa, suna tafiya cikin kwata kowa riƙe da ɗan dattinsa, har su kai kogin Kaduna.

A cikin daminar nan kakata ta zo daga ƙauye don a duba mata ido a asibiti. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, Hausarta kaɗan ce, yawanci da yarenmu take magana. Da aka nuna mata injin ta ce ba za a sa zaninta a cikin abin da ba shi da ido ba, ina zai san inda datti yake. Amma ta jawo tabarma ta zauna kusa da shi. Ta saurara, ta saurara, sai ta ce da ni ƙararsa kamar rafin bayan gidansu ne in ruwa ya fara janyewa. Kafin a gama wankin barci ya ɗauke ta, kanta jingine da farin ƙarfen, yana jijjiga ta. Tun daga ranar, da ta ji an murɗa makunni sai ta ɗauko tabarmarta. Zaninta dai da hannu ta ci gaba da wanke shi har ta koma.

Bayan tafiyarta ne injin ya tsaya. An ɗauke wuta ana cikin wanki, da aka dawo da ita sai ta zo da ƙarfi. Muka ji wani ƙauri kamar na gashin da ya ƙone, faifan ramin hagu ya yi shiru. Mai gyaran rediyon bakin titi ya zo ya duba, ya ce ɗan injin da ke juya faifan ya ƙone, kuma irinsa sai an aika Legas.  Anti ta kwashe nafkin daga cikin ruwan ta koma baho. Na tsuguna na taya ta cuɗawa, kamar an yi mana rasuwa.

Mai gyaran ya tafi bai mayar da murfin bayan injin ba. Asabar ta zagayo muka zo kamar yadda muka saba, ko da yake ba mu san me za mu yi ba. Anti ta ce tunda ya buɗe, mu leƙa. Muka kwanta rub da ciki a siminti. Ciki duhu ne, da yanar gizo-gizo, da warin maiƙo. Ga wayoyi masu launi, ga ɗan injin da ya ƙone, baƙi, ga wani faifan ƙarfe a kwance ƙarƙashin ramin wanki, baƙin bel ya haɗa su. Abin ya ba ni mamaki, yadda cikin ya zama kusan wayam. Na zaci zan ga abubuwa cunkus.

Yayana ya sa yatsa ya tura faifan ƙarfen. Ni ina tsaye ina leƙa ramin ta sama, sai na ga faifan wanki ya motsa. Na ce ya sake. Ya sake, ya motsa. Ƙawata ta ce ai wannan keken ɗinkin babanta ne sak, ƙafa tana juya babbar ƙafar ƙarfe, bel yana kai juyin sama. Ta ce keken babanta bai san wuta ba, kuma kullum yana aiki.

Muka juya muka kalli Anti gaba ɗaya.

"Ni ba ni da keke," ta ce. "Ku je ku roƙi mai shi."

Babana yana da wani tsohon keken hawa jingine a bayan ɗaki, tayar baya ta mutu. Da yamma, bayan ya ci tuwo, na je na durƙusa na ce, "Baba, aron tsohon kekenka muke so." Ya tambayi na me, na yi masa bayani, yayana yana cike mini inda na tsallake. Ya daɗe yana kallonmu. A masaƙa shi ma tsakanin bel da faifai yake wuni, ban taɓa tunanin haka ba sai ranar. Ya ce mu bari sai Lahadi bayan an taso daga coci.

Bai yi mana aikin ba, ya dai zauna a kan benci yana ba da sifana in an nema. Muka cire tayar baya ya rage ƙarfen kawai. Da muka kifa keken muka ga ƙafarsa a tsaye take juyawa, faifan injin kuwa a kwance. Muka yi ta jayayya har ƙawata ta ce a kwantar da keken shi ma. Muka ɗora shi a kan bulo ta gefensa, Baba ya kwance fedar da ke taɓa ƙasa. Yayana ya yanka tsohon tub na cikin taya ya yi dogon bel, muka zagaya shi daga ƙafar keken zuwa faifan. Aka cika ramin da ruwa. Na kama fedar da ta rage da hannu biyu na fara juyawa kamar mai niƙa.

Robar ta zame. Muka ƙara ɗaure ta, ta tsinke ta maƙale a gwaiba. Muka ninka ta biyu. A karo na gaba sai na ji nauyi ya shigo hannuna, wani nauyi mai rai, na kuma ji motsin ruwa daga cikin ramin. Ban iya ganinsa daga inda nake ba, fuskar ƙawata kawai nake gani tana leƙawa, bakinta a buɗe, hasken ruwan yana rawa a goshinta.

Muka sa rigunan makarantarmu a cikin ramin. Muka juya bi da bi har kafaɗunmu suka yi tsami. Da muka tsaya muka ɗago su, sun nannaɗe da juna sun zama igiya guda mai kauri, hannun rigata ya shige wuyan ta yayana. Anti ta zo ta ɗaga igiyar sama tana dubawa, ta tambaye mu ko mun tuna yadda injin ke yi lokacin yana da lafiya. Na rufe ido na nemo ƙarar a kaina: gurnani, shiru, gurnani. Sai na gane shirun nan ba hutu yake yi ba. Tsayawa yake ya juya baya, don abin da ya naɗe ya warware.

Feda ba ta jan ƙafar keke da baya, saboda haka muka raba aiki. Ni in juya gaba da feda, in tsaya, yayana ya kama ƙarfen ƙafar ya mayar da ita baya da hannu. Ƙawata ce mai ba da umarni daga sama. Don kada mu rikice sai ta fara rera wata waƙar gaɗa, baiti ɗaya nawa, baiti ɗaya nasa. Matan gidan suka matso, wata ta kawo ɗankwali ta ce a jefa mata, wata ta kawo rigar jariri. Tela ya bar kekensa ya fito da tef a wuya. Hadari ya taso daga gabas, iska ta fara kaɗa shanya, ba wanda ya tafi kwashewa. Rigunan sun fita, ba laifi, sai dai tawa ta samu baƙin maiƙon kaca a kafaɗa lokacin da nake shanya ta, wanda bai taɓa fita ba har ta yi mini kaɗan.

Gaskiya wankin hannu ya fi sauri, kuma kowa ya san haka. Duk da haka mun yi ta yi har ƙarshen damina, Anti tana ba mu nafkin kaɗan, sauran ta wanke a baho. Kayan gyaran da aka ce za a aiko daga Legas ba su zo ba.

Da kaka ta yi, mijinta ya gama ɗan ginin da yake yi a Gonin Gora, suka tashi. An kawo a-kori-kura aka loda gado da kujeru da tukwane, aka ɗora injin a ƙarshe. Direban ya ce sai an samu masu riƙe shi saboda gargadar hanya. Iyayenmu suka yarda mu uku mu bi su, direban zai dawo da mu tunda nan unguwar yake kwana.

Sabon gidan yana can bayan gari, ba a kai wuta wurin ba tukuna. Dawa ta nuna a gonakin da ke kewaye, kawunanta jajaye sun sunkuya. Aka sauke injin a wani ɗaki da ba a sa wa ƙofa ba. Anti ta dafa mana doya da manja, muka ci a kan buhun siminti. Da za mu tafi ta rako mu bakin mota da tagwayen, ɗaya a goye, ɗaya a hannu. Ta dafa kan kowannenmu, ta ce mu gaida gida, mu riƙa tambaya a makaranta ko da malami ya ɓata rai. Ni kuwa sai kawai na kama yatsan ɗan da ke hannunta.

A hanyar dawowa bayan motar ba kowa sai mu. Direban ya tsaya a bakin titi ya saya mana rake. Muka kwanta rigingine a kan tsohuwar tabarmar da aka manta, muna sha muna tofar da ɓawon ta gefe. Wayoyin lantarki suna wucewa ta samanmu, suna sauka suna hawa tsakanin turaku. Wasu balbelu suka bi mu na ɗan lokaci, sannan suka karkata wajen kogi. Ƙawata ta yi barci da guntun rake a hannu. Yayana yana ta lissafa abin da zai ƙera in ya samu wani tub ɗin, muryarsa tana zuwa tana ɓacewa cikin iska. Ban tashi zaune ba sai da na ji motar ta rage gudu, na jiyo ƙamshin ƙosan yamma na bakin layinmu.